Tsohuwar da ba ta da cikon kuɗin mota

Duk wanda ya zauna a ajin nazarin adabin Hausa ya san jerin da ake bi in za a feɗe littafi: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. A cikinsu zubi ne ke riƙe da sauran. Wane ya yi kaza, saboda haka kaza ta faru, rikici ya yi tsamari, sannan a warware. Da wannan ma'aunin na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, kuma shi na riƙo lokacin da wasu matasa masu haɗa manhaja a Kano suka neme ni. Wasan waya suke son yi a kan rayuwar ɗan adaidaita sahu, ni kuma aikina in ba shi labari.

Na kuwa ba shi. Saurayi ne mahaifinsa ya rasu ya bar bashi, ya karɓi keke a hannun wani mai kuɗi yana kai balas kullum, ga yarinyar da yake nema, ga abokin da zai ci amanarsa a tsakiyar tafiya. Aka yanka labarin gutsure-gutsure, aka zana hotuna, ana sako su tsakanin wannan tuƙi da wancan. Ranar da aka ba yaran unguwa su gwada, sai na zauna a bayansu ina kallon yatsunsu, ban kalli allon ba. Kafin rubutun ya gama bayyana, babban yatsa ya riga ya sauka a kan alamar tsallakewa. Da muka tambaye su sunan tauraron, sai suka kalli juna. Amma kowannensu bakinsa cike yake da magana. Wannan mansa ya ƙare a kan gada da fasinja uku a baya. Wancan saura kaɗan kuɗin ranar ya cika taya ta fashe masa, yana faɗa yana dukan cinya kamar da gaske aka yi.

Wanda ya taɓa leƙa gidan gem a zamanin PlayStation 2 ba zai yi mamaki ba. Grand Theft Auto: San Andreas da ya fito a 2004 yana da labari mai tsawo, na Carl Johnson da ya koma garin Los Santos saboda an kashe mahaifiyarsa. Yaro nawa ne cikin masu biyan kuɗin awa ya san da wannan rasuwar? Mota suke sacewa, 'yan sanda su biyo su, su tsere ko a kama su, su fito waje suna ba juna labarin yadda aka yi.

Ƙaramin cikin matasan nan, wanda shi ne ke rubuta ainihin manhajar, shi ya fara taɓo maganar. Ya jawo kujera ya ce, "Malam, don Allah zo ka ga wani tsohon abu." Missile Command ya buɗe mini, wasan da kamfanin Atari ya fitar a 1980, lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Birane shida ne a ƙasan allo, makamai masu linzami suna zubowa daga sama, kai kuma kana da sansani uku da za ka riƙa kakkaɓo su. Babu tauraro, babu mugu mai suna, ba a ce maka ga wanda ya fara harbi ba. Makamanka ƙidayayyu ne, na sama kuwa ƙaruwa suke yi suna ƙara gudu. Can sai ka tsinci kanka kana yin abin da ba wanda ya umarce ka: ka bar birni biyu su ƙone don ka tsare huɗu, sannan ka bar huɗun su koma ɗaya. Ba a cin wasan. Iyaka ka jinkirta. Kuma in birnin ƙarshe ya faɗi, ba a rubuta cewa wasa ya ƙare kamar yadda aka saba ba, kalmar “ƙarshe” ce kawai take cika allon cikin wuta. Dave Theurer da ya ƙirƙiro shi ya faɗa cewa aikin ya sa shi mafarke-mafarken yaƙin nukiliya. Na nemi zubi a ciki ban samu ba, amma jigo kam ga shi nan ƙarara: a irin wannan yaƙin babu mai nasara. Kuma ba faɗa mini aka yi ba, hannuna ne ya zaɓi birnin da zai mutu.

Wanda ya fi zaunar da ni shi ne Papers, Please, na Lucas Pope, 2013. Kai jami'in shige da fice ne a wata ƙagaggiyar ƙasar gurguzu mai suna Arstotzka, a ƙarshen 1982. Kana zaune a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki, mutane na miƙo fasfo, ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka duba hatimi, ka buga na shiga ko na komawa. A kan kowane mutum da ka sallama daidai ana biyanka biyar na kuɗin ƙasar. Da yamma sai a jera maka lissafi: haya, abinci, ɗumama ɗaki, magani in wani ya kwanta. Kana da mata da ɗa da suruka da kawu, kuma in ka hana su abinci ko ɗumi sai su yi ciwo, in ka ci gaba su mutu. Kullum hukuma na ƙaro sabuwar doka da sabuwar takarda, tebur ya cika, agogo na tafiya. In ka yi kuskure, biyun farko a rana gargaɗi ne, daga na uku sai tara.

A cikin kwanakin farko wani mutum yakan zo da takardunsa cif. Kana buga masa hatimi sai ya ce matarsa na bayansa, ka taimaka mata. Ta shigo, ba ta da takardar izinin shiga, ta ce in ta koma ƙasarsu kashe ta za a yi. Maganarta ba ta wuce layi biyu ko uku ba. Nauyin ba a cikin layukan yake ba, yana cikin abin da ka riga ka sani: ko ka ɓarar da gargaɗinka biyu tun da safe, ko ɗanka na kwance ba magani. A rediyo sai na rubuta wa jami'in nan dogon zancen zuci kafin mai sauraro ya ji abin da yake ji. A nan an ɗauke zancen zucin daga bakin tauraro an mayar da shi ƙirjin mai riƙe da wasan.

Daga nan muka sake wa namu gini. Bashin uba da budurwa da maci amana duk suka fita. Abin da ya rage abu uku ne da ke takura juna: man da ke tanki, lokacin da ya rage kafin magariba, da balas ɗin da dole a kai wa mai keke. Fasinja kuma kowa da halinsa. Akwai mai shata da ke biya da kyau amma ya ɗauke ka nesa da gari ka dawo wayam. Akwai 'yan makaranta da ke cika keke da rabin kuɗi. Akwai mai buhu da zai yi ta ciniki lokaci na ƙonewa. Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne nauyin wasan ya ragu sosai da aka zubar da hotunan, kuma ga wanda ke lissafin data da ƙaramar waya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Cikin fasinjojin na saka wata tsohuwa. Takan fito ne dab da magariba, a hannun da ba shi ka nufa ba, ta ce, “Ɗana, asibiti zan je, abin da ke hannuna bai kai ba.” Shi ke nan rubutun da na yi mata.

Ɗaya daga cikin matasan yana da kawu direba, wanda ya koma keke tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013. Aka lallaɓo shi ya gwada. Da farko dariya yake yi, yana cewa keken nan bai san ramin titi ba. Ya yi tuƙi cikin natsuwa, ya ƙi mai shata saboda ya ce yamma ta yi, ya tattara 'yan gajerun zango. Sai ga tsohuwa. Ya sassauta, ya tsaya, ya riƙe wayar bai danna komai ba. Ya dubi ɗan 'yar'uwarsa.

“Yanzu in na ɗauke ta, balas ba zai cika ba ko?”

“Ba zai cika ba, Kawu.”

“To shi mai keken, mutum ne mai haƙuri?”

Ba wanda ya iya amsa masa, domin a manhajar mai keke lamba ce kawai da ake cirewa da yamma. Kawu ya ɗan jinjina kai, ya ja kekensa ya wuce, yana cewa da wayar, “Allah Ya haɗa ki da wani, Iya.” Bai ƙarasa ranar ba. Ya ajiye wayar a kan tebur ya shiga ba mu labarin wata mata mai naƙuda da ya taɓa ɗauka da dare, da abin da ya biyo baya tsakaninsa da mai kekensa na lokacin.

Tambayarsa ita ta nuna mini inda aikina ya koma. Har yanzu ana buƙatar mai keke ya zama mutum, amma ba ta hanyar in rubuta masa tarihi ba. Halinsa doka zai zama: wannan yana ɗaga ƙafa sau ɗaya, in ka sake ya karɓe makulli, wancan ba ya faɗa amma yana tara bashin ya ninka, wani kuma in ka gaya masa gaskiya ya yafe, in ya ji daga bakin wani ka shiga uku. Na koma ina rubuta sharaɗi a inda da nake rubuta aukuwa. Me mutumin nan yake so, me zai iya jurewa, me yake tunawa. Abin da zai faru kuwa ba ni ke da shi ba.

Ashe masana sun daɗe suna musu a kan ko gem labari ne ko ba labari ba. A 1997 Janet Murray ta rubuta cewa Tetris, wasan tubalan nan da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, hoton rayuwar Amurkawa ne da aiki ya yi wa katutu, kana kawar da wannan wani na faɗowa. A 2001 wani masani ɗan Finland, Markku Eskelinen, ya mayar da martani da cewa in aka jefo maka ƙwallo ba ka yar da ita ka tsaya jiran ta ba ka labari. Ni dai ina ganin kowannensu ya ja igiyar fiye da kima. Tetris ba labari ba ne, kuma bai rasa komai ba don bai zama ba. Ba kowane wasa ne ya ɗauki alkawarin ma'ana ba. Masu dara a gindin bishiya ba jigo suke nema ba, amma ka zauna kusa da su bayan an tashi ka ji yadda ake maimaita cin da aka yi wa wane shekara uku da suka wuce, har da abin da ya faɗa da ya miƙe.

Sai dai a nan ne na fara rabuwa da abokin aikina, wanda zuwa lokacin ya kai ga cewa marubuci ba shi da gurbi a gem sai na gyaran kalma. Labarin da wasa marar zubi ke haifarwa yana da wani rauni: na mai shi ne shi kaɗai. Waɗanda suka yi Master League, sashen gina ƙungiya a gem ɗin ƙwallon ƙafa na Pro Evolution Soccer, sun san Castolo da Minanda, ƙagaggun 'yan wasan da ake ba ka ka fara da su a ƙaramin rukuni. Mutum zai riƙe Castolo shekara da shekaru bayan ya sayi waɗanda suka fi shi, don shi ya ci ƙwallon da ta haye da su. A wurinsa wannan amana ce. Amma bari ya zaunar da kai ya fara lissafo maka wasannin kakar ɗaya bayan ɗaya, za ka nemi hanyar tashi. In labarin ya yi daɗi a kunnen wani, to mai ba da shi ne ya tace, ya jera, ya ɓoye wani abu sai ƙarshe.

Misalin da ya fi ba ni dariya na Dwarf Fortress ne, wasan da 'yan'uwa biyu, Tarn da Zach Adams, suka fara saki a 2006, wanda ke lissafin komai har gaɓoɓin jikin kowace dabba. Da aka ƙara mashaya a wasan a 2015, sai masu wasa suka riƙa tarar da kyanwoyi matattu a ciki. Da aka bi diddigi, ashe kyanwa na taka giyar da ta zube a ƙasa, ta zauna ta lashe ƙafarta kamar yadda aka tsara mata, manhajar kuma ta lissafa kowace lasa a matsayin kofi guda cur. Ba wanda ya rubuta wannan, dokoki ne suka yi karo. Amma ka lura da yadda na ba ka shi: gawa tukuna, sannan bincike, sannan dalili. Zubin bai mutu ba, ƙaura ya yi daga cikin wasan zuwa bakin mai ba da labari.

Rauni na biyu a wasanmu muka gan shi. Tsohuwar nan da ta tsayar da Kawu, bayan yaran sun yi kwanaki suna wasa sai ta zama lissafi. Wani ya ce da abokinsa, “Kar ka tsaya wa tsohuwar nan, asara ce.” Gaskiyarsa. Dokar da ta girgiza ka a karon farko, a karo na goma ka san farashinta. Papers, Please ya san da wannan, shi ya sa bai dogara da dokoki kaɗai ba. Akwai wani dattijo, Jorji Costava, da ke zuwa ba takarda, a kore shi, ya dawo da fasfon da ya zana da hannunsa, a sake korarsa, ya sake dawowa da fara'arsa. Akwai ƙungiyar asiri da ke neman ka yi mata aiki, akwai ƙarshe har iri 20. Wato akwai zaren da marubuci ya ja, sai dai siriri ne, kuma an ɗaura shi a jikin aikin da hannunka ke yi.

Inda na ga zubi da doka sun zama abu ɗaya shi ne Brothers: A Tale of Two Sons, 2013, na Josef Fares, wanda daraktan fim ne kafin ya shigo gem. Wa da ƙane ne suka fita neman wa mahaifinsu magani. Hannunka na hagu ke tafiyar da wan, na dama ƙanen, a lokaci guda. Ba kalma ko ɗaya da za ka fahimta, wani ƙagaggen harshe suke yi. Ƙanen na tsoron ruwa domin a gabansa mahaifiyarsu ta nutse, saboda haka duk inda aka zo kogi sai ya ɗafe bayan wansa. Kusa da ƙarshe wan ya mutu, kai da kanka za ka ja gawar ka tura ƙasa. Daga nan hannunka na hagu ya zama ba shi da aiki. A hanyar gida sai ga ruwa. Ka danna madannin ƙanen, ya ƙi shiga. Ba abin da zai motsa shi sai ka danna madannin wan da ya rasu. Wannan ba zai taɓa fitowa daga karon dokoki ba. Sai da wani ya yanke cewa wan zai mutu, a daidai wannan wurin, bayan hannunka ya saba da shi. Mai wasa ba zai taɓa zaɓar wannan da kansa ba, kuma a ganina babban amfanin zubi ke nan a gem: ya kai ka inda ba za ka je da ƙafarka ba. Haka ƙarshen wasan The Last of Us yake, inda tauraron, Joel, ya kutsa asibiti da ƙarfi ya ɗauko Ellie, yarinyar da za a sadaukar don samo wa duniya magani. Mutane da yawa sun so a ba su zaɓi, ba a ba su ba, kuma da an bayar da labarin ya zube.

Abin da muka yi a namu bai kai nan ba, amma daga nan muka ɗebo. Tsohuwar ta samu ƙwaƙwalwa. In ka ɗauke ta, wata rana za ka ga ɗanta a cikin masu tsayar da kai. In ka wuce ta sau biyu, ba za ta ƙara fitowa ba, kuma wasan ba zai ce maka komai a kai ba. Sannan muka dasa aukuwa guda ɗaya tak da ba ta da makawa. A tsakiyar wasan, wata safiya, ka je gidan mai ka tarar farashi ya ninka fiye da biyu, balas kuwa yana nan yadda yake, fasinja na ta faɗa a kan ƙarin kuɗin mota. Ba mu ƙirƙiro ta ba. Duk direba ya san abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa sama da naira 500 a gidajen man Arewa cikin 'yan kwanaki. Duk dabarar da mai wasa ya koya a rabin farko sai ta daina aiki, har wanda ke ɗaukar tsohuwa kullum ya fara wuce ta.

Musun da ya rage tsakanina da mai rubuta manhajar shi ne na ƙarshen wasan. Shi yana so a bar shi ba iyaka, ranaku su yi ta zuwa kamar makaman Missile Command. Ni ina so a gama biyan kuɗin keke ya zama naka, ko don mai wasa ya san abin da yake wa wahala. Muka kai ƙara wurin Kawu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya saurare mu duka, ya ce ai ana gama biya, shi ma ya taɓa gamawa, sai dai lokacin da keken ya zama naka inji ya riga ya gaji, abin da kake kai wa mai keke sai ya koma wurin bakanike. Yanzu abin da ake rubutawa ke nan: kowace tafiya tana cin wani abu a jikin injin, mai shata ya fi kowa ci, kuma ba a nuna wa mai wasa lambar.